Wasiƙa Zuwa Ga Masu Harhaɗa Ƙananan Jirage: Idan Taya Ta Fara Kuka



Na rubuto muku ne a kan wani ɗan ƙarfe da bai cika tafin hannu ba, wato boris ɗin taya. Mai harhaɗa jirgi da hannunsa yakan shafe shekaru yana buga ƙusoshin fiffike, ya san numfashin injinsa, amma ranar da ya ji gurnani daga ƙasa yana gangarawa titin tashi, sai ya yi ɗaya daga abu biyu: ko ya danna giris ya ce an gama, ko ya yi odar sabon boris tun bai ɗaga tayar ba. Duka biyun gaggawa ce. Shawarata ita ce ku fara gano mai kukan, sannan ku gano abin da ya sa shi kuka, kafin ku taɓa aljihu.

Wannan sana'a gidanta Amurka ne, inda Paul Poberezny ya kafa ƙungiyar masu harhaɗa jirage ta EAA a 1953, wadda ke tara dubban jirage a Oshkosh duk shekara. A can doka ta yarda wanda ya gina mafi yawan jirginsa ya nemi takardar da za ta ba shi damar yi masa binciken shekara da kansa. Gata ne, nauyi ne kuma, domin babu wani injiniya da zai bi bayanka ya duba. Mu ma ba baƙi ba ne a nan: jiragen horo na Air Beetle guda 60 na rundunar sojan saman Najeriya a Kaduna aka harhaɗa su, daga samfurin RV-6A na kamfanin Van's.

Ku dubi wahalar da boris ke sha. Tayar da aka fi sa wa irin waɗannan jirage, mai lamba 5.00-5, tsayinta bai wuce santimita 36 ba. Idan jirgi ya taɓa ƙasa da gudun kilomita 100 a awa, tayar da take tsaye cik za ta koma juyi kusan 1,500 a minti cikin ƙiftawar ido, ga nauyin jirgi ya faɗo mata. Daga nan kuma sai a tura jirgin rumfa ya yi makonni bai motsa ba. Zaman nan ya fi tashi kashe boris, don a lokacin ne laima ke kwanciya tsakanin ƙarfe da ƙarfe.

To, ta ina za a fara? Da kunne. Ku kashe inji, ku sa mutum biyu su tura jirgin a kan siminti, ɗaya yana tafiya kusa da kowace taya. Ƙarar da ke zuwa sau ɗaya a kowane juyi, dum, dum, dum, galibi ta roba ce da ta cinye a gefe ɗaya saboda birki mai tsanani ko dogon zama. Ƙarar da ke canzawa ko ta ɗauke da zarar an ɗan taɓa birki, a nemi dalilinta wajen faifan birki da takalminsa: tsatsar kwana biyu a kan faifai ta isa ta ta da hankalin mutum a banza. Rigar taya, wato murfin da ke lulluɓe ta, ita ma takan yi laifi a ɗora wa boris, ko tana gugar roba idan iska ta ragu, ko tsakuwa da busasshen laka sun taru a cikinta. Girgizar da ke zuwa a wani gudu na musamman ta tafi idan an wuce shi, ku zargi ƙafar jirgin da rashin daidaiton taya, musamman a jiragen da ƙafarsu sandar ƙarfe ce mai lanƙwasa. Kukan boris kuwa gurnani ne mai ɗorewa, yana ƙaruwa da gudu, yana sauya murya idan an karya kwana, domin nauyi ya koma gefe guda.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Ku yi ɗan zagaye a ƙasa ba tare da yawan taka birki ba, ku tsaya, ku kusanta bayan hannu ga tsakiyar tayar dama da ta hagu. Wadda ta fi 'yar'uwarta zafi tana da magana.

Sai a ɗaga. Ku tokare sauran tayoyin, ku sa jak a inda mai zanen jirgin ya nuna, cikin rumfa inda iska ba za ta kaɗa fiffike ba. Ku zare takalmin birki don kada gugarsa ta ruɗe ku. Ku juya tayar a hankali da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da ƙafar jirgin. Yatsu sukan ji gargada tun kafin kunne ya ji. Sannan ku kama tayar sama da ƙasa ku jijjiga. In ta yi ƙwas-ƙwas, noti ya saki ko boris ya ci.

Kafin ku kwance notin gatari, ku sace iskar tayar gaba ɗaya. Rim ɗin jirgi ɓari biyu ne da aka ɗaure da kusoshi. Idan kusoshin sun tsage, notin nan kaɗai ke riƙe da su, kuma iskar ciki za ta iya harbo ɓarin rim a fuskar mai kwancewa.

Yawancin waɗannan tayoyi, irin na Cleveland da Matco, suna amfani ne da boris mai 'ya'ya masu tsini, irin wanda Henry Timken ya yi wa rajista a 1898. Kashi biyu ne: kwandon da ke riƙe da 'ya'yan, da zoben da ke manne cikin rim wanda suke gudu a kansa. Ku wanke su tas, ku shanya, kada kuma ku hura wa busasshen boris iskar kwamfireso don jin daɗin yadda yake juyi. Yana lalata shi, yana iya tarwatsewa. Ku kai su haske ku karanta abin da aka rubuta a jikinsu. Layukan duhu da tazararsu ta yi daidai da tazarar 'ya'yan, aikin ruwa ne da dogon zama. Lotsawa mai irin wannan tazara, wadda farce ke ji, ko saukar da aka buga da ƙarfi ce ko jijjigar da jirgi ya sha a kan tirela. Launin shuɗi zafi ne, daga rashin giris ko ɗaurin da ya wuce kima. Ɓarewar fatar ƙarfe gajiya ce. Dusashewa da ƙananan karce, ƙura ce ta shiga, abin da duk mai ajiye jirgi a ƙasar hunturu ya kamata ya sa ran gani. Kowace alama tana nuna muku abin da za ku gyara ban da boris ɗin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: in sil ɗin da ke toshe bakin boris ya mutu kuka bar shi, ko kuna wanke tayoyi da ruwa mai ƙarfi, sabon boris ma hanyar tsohon zai bi.

In za ku canza, ku canza kwando da zobe tare, ku sayi mai lambar da ke jikin tsohon daga hannun da kuka amince da shi. Kada ku fitar da zobe da guduma da kurfi a sanyi. Rim ɗin alminiyam ne ko maganiziyam, ya fi ƙarfen zoben buɗewa idan ya ji zafi, don haka a tsoma shi cikin tafasasshen ruwa, zoben zai fita da ɗan taɓi.

Giris kuma, ku tsaya kan wanda littafin tayar ya ambata. Mobil 28 da Mobil SHC 100 duk na jirgi ne, amma abin da aka kaurara su da shi ya bambanta, haɗa su kan ɓata duka biyun. Ku zuba a tafin hannu ku riƙa danna faffaɗan bakin kwandon har sai giris ya ɓullo ta ɗaya bakin, ko'ina. Shafawa a waje kwalliya ce kawai.

A wajen ɗaure noti ne aka fi yin ɓarna. Ƙa'idar ita ce a ɗaure ana juya tayar har boris ya zauna, a sassauta, a sake ɗaurewa kaɗan har jijjiga ta ɓace tayar kuma tana juyi, sannan a sa sabon tsinken kulle noti, ba tsohon da aka miƙe ba. Amma kada ku ɗauki dabarar wata taya ku kai wa wata. Boris na Matco mai sil na roba a jikinsa yana son ɗaurin da zai hana sil ɗin juyawa tare da taya, saboda haka ba ya sakin jiki ya yi ta juyi kamar mai sil na ulu, kuma wannan ba laifi ba ne. Tayoyin Beringer kuwa rufaffen boris gare su, ba a cika shi da giris, canza shi ake yi. Littafin wanda ya ƙera tayar shi ne alƙali.

Idan kun gama, ku mayar da birki, ku taka shi har ya yi tauri, ku sake turawa da saurare, ku rubuta a littafin jirgi abin da kuka gani, da giris ɗin da kuka sa, da ranar. In kuwa gurnanin bai tafi ba kuma ba ku gano tushensa ba, jirgin ya kwana a ƙasa. Boris da ya cije a lokacin sauka yakan fizgi jirgi gefe guda, a gudun da ƙafar matuƙi ba lallai ta iya mayar da shi kan titi ba.

Allah Ya sa mu riƙa tashi lafiya muna sauka lafiya.

Naku,
Ɗan'uwanku a sana'a