Gidan Wa Ne a Ƙarƙashin Majalisar Spoleto?

A garin Spoleto da ke yankin Umbria na ƙasar Italiya, ma'aikatan hukumar gari suna zaune a ofisoshinsu, ƙarƙashin ƙafafunsu kuwa akwai gidan Rumawa da aka gina tun ƙarni na farko Miladiyya. Giuseppe Sordini, masanin kayan tarihi ɗan garin, shi ya fara tono shi a shekarar 1885. Wanda ya sauka ciki yau zai taka gefen daɓen da aka shirya da 'yan ƙananan duwatsu baƙaƙe da farare, ya ga tsakar gida, da ɗan kwarin da aka gina domin tarar ruwan sama da ke zubowa ta kafar rufi.

Sai dai ba wannan ake fara gaya wa baƙo ba. Abin da ake fara faɗa masa shi ne, wai gidan Vespasia Polla ne, mahaifiyar Sarki Vespasian wanda ya mulki Daular Rum daga shekara ta 69 zuwa 79.

Mece ce hujja? Wani ɓallin dutse mai rubutu da aka tsinta a wurin, inda wata mace mai suna Polla ta keɓe wani abu ga Sarki Caligula. Sai kuma kusanci: dangin Vespasia mutanen Norcia ne, kuma marubuci Suetonius ya ambaci wani wurinsu a kan hanyar da ta taso daga can zuwa Spoleto. Iyakarta ke nan. Polla kuwa suna ne gama-gari a wancan zamani, ma'anarsa "ƙarama". Kamar mutum ya tsinci tsinkin tukunya an rubuta "Amina", ya ce lallai ta Sarauniyar Zazzau ce.

Ban ce ƙarya ne ba. Mai yiwuwa gidanta ne. Damuwata ita ce yadda zato, in aka yi ta maimaita shi, yake rikiɗa ya zama gaskiya, har ya rufe abin da ƙasa ta bayar tabbas. Daɓen nan ya nuna mai gida attajiri ne. Tsarin ɗakunan ya nuna inda yake karɓar masu zuwa gaisuwa da safe, da inda ake cin abinci. Bayin da suka share ɗakunan, suka ɗebo ruwa, babu dutsen da ya riƙe sunansu, kuma da zarar an ce "uwar sarki" baƙo ba ya ƙara tambayar su.