Wa Zai Biya Mai Gwajin Saƙa a Birnin Zariya?

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, cinikin saƙar ulu yakan tashi a cikin birnin Zariya. Daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, a gidajen da baƙo ba ya wuce zaurensu, mata kan saƙa hular jarirai da safa da rigar sanyi. Kasuwa ce mai gajeren rai, domin kafin Maris ya yi nisa zafi ya dawo. Wadda ta ɓata ƙullin zare uku a kan abin da bai shiga wuyan mai shi ba, ta taɓa jarinta, kuma ba lallai ne ta sami lokacin mayar da shi ba.

A Ingila da Amurka, inda ake rubuta tsarin saƙa a sayar da shi kamar littafi, akwai al'adar da ke rage irin wannan hasara. Kafin mai tsari ta fitar da shi, takan miƙa shi ga wasu masu saƙa su bi shi layi bayan layi, ba tare da ta tsaya a kansu ba. Su ne za su gano inda lissafi ya karkace, da inda bayani ya yi duhu, da ko zaren da aka ce zai isa ya isa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Dalilin gwajin lissafi ne tsagwaronsa. A ɗauki mayafin wuya mai kauri, irin wanda ake haɗe bakinsa ya zama zobe a zura kai a ciki. Zare mai kauri yakan ba da ido 12 zuwa 15 a faɗin santimita 10, gwargwadon tsinken saƙa da kuma hannun mai riƙe da shi. Idan hannun mai tsarin yana ba da ido 13, za ta rubuta a ɗora ido 78 domin a sami zagayen santimita 60. Wata mai matse zare, wadda hannunta ke ba da 15, za ta bi umarnin ba tare da kuskure ko ɗaya ba, ta tashi da santimita 52. Bambancin santimita 8 ya isa ya hana abin wucewa ta kan mace mai kitso da ɗankwali. Ga kuma batun zaren kansa: yawancin abin da ake kira ulu a kasuwannin Arewa na roba ne, ba gashin tumaki ba, kuma ba ya miƙewa ko komawa kamar na tumaki. Tsarin da aka gwada a Landan bai zama gwadajje a Zariya ba.

Tsara ado a ba wani ya aiwatar ba baƙon abu ba ne a birnin Zazzau. Mai zane yakan zana aska biyu ko aska takwas a jikin babbar riga, masu ɗinkin hannu su bi sawun alƙalaminsa. David Heathcote ya nazarci wannan fasaha a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, kuma tun daga wancan zamani mata suka yi ta shiga ɗinkin, har aka kafa ƙungiyar Queen Amina Embroiderers a cikin birni a 1994. Sai dai zanen riga yana kwance a kan yadi, ido na ganinsa, in ya karkace a gyara tun allura ba ta shiga ba. Saƙa ba ta da yadin da za a zana mata. Ƙirge ce kawai, kuma kuskurenta ba ya bayyana sai aiki ya yi nisa.

Wata gwana za ta ce ita ba ta buƙatar takarda, kallo ɗaya take yi wa yaro ta san girman hularsa. Gaskiyarta, muddin ita kaɗai ke saƙa wa wanda take gani. Amma yau ana iya aiko da saƙo ta WhatsApp daga Abuja ko Kano a ce ana son guda ashirin iri ɗaya cikin mako biyu. Dole a raba aikin gidaje huɗu ko biyar, kuma a nan ne gwanintar da ke cikin ka take gazawa: kaya su dawo kowanne da girmansa, mai saye ya ƙi rabi, dillaliya ta zabge kuɗi. Rubutaccen tsari da aka gwada shi ne abin da zai sa hannu biyar su fitar da abu ɗaya. Shi ne kuma shaidar da mai ƙirƙira za ta riƙe ranar da aka kwaikwayi aikinta.

Akwai ɓangaren al'adar Turawa da bai kamata ya shigo ta kowace ƙofa ta ganuwar ba. A can, sau da yawa ba a biyan mai gwaji. Ita ke sayen zarenta, ladanta kuwa tsarin kyauta da godiya, kuma su kansu sun daɗe suna gardama a kan hakan. Wannan na iya yiwuwa ga wadda saƙa ke ɗebe mata kewa. Ga matar da ke haɗa kayan ɗakin 'yarta ko biyan kuɗin Islamiyya da abin da tsinkenta ya kawo, kwana biyu na gwaji kyauta kwana biyu ne da aka cire daga kakar da ba ta fi wata uku ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Mata masu ɗinkin riga a birnin sun riga sun san yadda ladan aikin hannu ke ƙanƙancewa kafin ya iso cikin gida. Bai dace a ƙara musu wani aikin marar lada da sunan zamani ba.

Abin da ya dace ba shi da tsada. Mai tsari, ko ƙungiyar da ta karɓi kwangila, ita za ta ba da zaren, ta biya mai gwaji kamar yadda za ta biya kuɗin saƙa guda ɗaya, a kuma zaɓi mutum biyu, mai matse hannu da mai sake shi. A rubuta tsarin da Hausa, boko ko ajami, da kalmomin da matan ke amfani da su a tsakar gida, a haɗa da saƙon murya ga wadda karatu ke yi wa nauyi. Sashen koyar da ƙirar masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ke da ɓangaren tufafi, yana Samaru ne, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Ƙofar Doka, kuma ɗalibansa na neman aikin bincike kowace shekara. Lokacin yin gwajin shi ne Satumba da Oktoba, kafin masu saye su fara ƙwanƙwasa ƙofa.