Dattawan Kwamfuta Su Dawo Su Koyar Da Yara

A tsarin aikin gwamnati a Nijeriya, ma'aikaci kan yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 a bakin aiki. Daga cikin waɗanda suka ajiye aiki akwai wasu da ba a cika tunawa da su ba, wato mutanen da suka riƙa rubuta wa kwamfuta umarni a bankuna da jami'o'i da ma'aikatu tun shekarun 1980. Wasunsu sun bar sana'ar tun kafin ritaya, domin ƙarin girma ya mayar da su shugabannin ofis. Ra'ayina shi ne su koma mata, su kuma koya wa yaranmu.

Komawa rubuta manhaja bayan ritaya ba baƙon abu ba ne. Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan wanda ya fito da harshen Python a 1991, ya yi ritaya a 2019, amma a 2020 sai ga shi ya kama aiki da kamfanin Microsoft. A wannan shekara ta 2020 kuma, lokacin annobar korona, gwamnan jihar New Jersey ta Amurka ya fito yana neman waɗanda suka iya COBOL, harshen da aka ƙirƙira tun 1959, saboda kwamfutocin da ke biyan marasa aiki tallafi sun kasa ɗaukar yawan jama'a. Mafi yawan masu wannan ilimi kuwa dattawa ne.

Mai karatu zai iya cewa, ai wanda ya koyi FORTRAN ko COBOL zamani ya wuce shi. Gaskiya ne harsunan sun canza, amma ginshiƙansu uku suna nan daram: jera umarni ɗaya bayan ɗaya, gindaya sharaɗi, da maimaita aiki. Mu ɗaliban harshe mun san waɗannan a nazarin ginin jimla. Idan uwa ta ce wa ɗanta, "Idan ka sami manja ka sayo, in babu ka sayo man gyaɗa," sharaɗi ta gindaya. Idan ta ce, "Yi ta daka har sai ya yi laushi," maimaici ne mai iyaka. Wanda ya shekara ashirin yana tunani a wannan tsari ba zai sha wuyar koyon sabon harshe ba, kamar yadda wanda ya naƙalci nahawun harshe ɗaya kan sami sauƙin na biyu.

Kayan koyarwa ma sun samu. A 2007 cibiyar MIT ta Amurka ta fito da Scratch, manhaja ta kyauta wadda yaro ke harhaɗa umarni a cikinta kamar tubali, ba tare da haddace kalmomi masu wuya ba. Inda babu wuta ko kwamfuta kuma, akwai dabarar CS Unplugged da malamai a Jami'ar Canterbury ta New Zealand suka bunƙasa, inda ake koyar da tunanin kwamfuta da kati da alli da wasanni. Abin da ya yi ƙaranci shi ne malami mai haƙuri da lokaci, kuma waɗannan biyun ɗan fansho ya fi kowa su.

Akwai masu ganin cewa tunda ChatGPT ya bayyana a 2022 kuma yana iya rubuta manhaja, koya wa yara ɓata lokaci ne. Ban yarda ba. Na'urar tana yin kuskure, kuma sai wanda ya san yadda manhaja ke aiki zai gane kuskuren. Dattijon da ya koyi aiki a lokacin da samun zama gaban kwamfuta ke da wuya ya saba bin shirinsa layi-layi a takarda kafin ya gwada shi. Wannan natsuwa ce yaro ke bukata. Masu iya magana sun ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu ma muna da rawar takawa. Dattawan nan da Turanci suka koyi sana'ar, yara da yawa kuwa da harshen gida suke tunani. Aikinmu ne mu zauna da su mu daidaita kalmomin koyarwa da Hausa, mu rubuta ƙananan littattafai da misalan da yaro ya sani. Ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da ta nemi ko da ɗan fansho ɗaya, da makarantar firamare ɗaya da ke kusa da mu, a fara da awa biyu kowace Asabar. Da haka ilimin da ke zaune a gida zai isa hannun masu tasowa.