Ɗan Tiyon Da Muka Raina Shi Ke Cinye Mana Jari

Duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa ranar Lahadi don cin kasuwar Jibiya, ko hanyar Maigatari ranar Alhamis, ya san abin da za mu faɗa. Da wuya a yi tafiyar nan ba a wuce mota ɗaya ko biyu a gefen kwalta ba, murfin inji a ɗage, baƙin mai ya malale a ƙasa, direba ya riƙe ƙugu, yaron mota ya tafi neman makanike. Can gefe kuwa ga masu kaya zaune a inuwa suna kallon buhunan tattasai ko albasa, ko kuwa raguna a ɗaure cikin rana, kasuwa tana ci ba da su ba. In ka tsaya ka yi musu jaje, amsar ɗaya ce: tsautsayi ne, inji ya buga.

Ba mu musun ƙaddara. Amma a ganinmu da yawa daga cikin injunan nan ba rana ɗaya suka mutu ba. Sun yi watanni suna ciwo, mu kuma muna ɗora musu kaya. Sau da yawa kuma mafarin ciwon wani ɗan tiyon roba ne da bai fi kamu ɗaya ko biyu ba, wanda yawancinmu masu motoci ba mu taɓa tambayar amfaninsa ba. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu iya magana, shi ke tsone maka ido.

Bari mu fara da yadda abin yake. Kowane inji, na fetur ko na gazwal, yana ƙona mai ne a saman fistin. Zobban da ke jikin fistin su ne ke tare wuta da hayaƙi, amma ko a sabon inji ba su iya tarewa duka. Wani abu yana sulalewa ƙasa zuwa ɗakin da baƙin mai yake kwance. Abin da ke sulalewar ya haɗa da hayaƙi, da ragowar man da bai ƙone ba, da kuma tururin ruwa, domin ƙona lita ɗaya ta fetur yana haifar da ruwa kusan lita ɗaya a matsayin tururi. Akasarinsa yana fita ta salansa, amma kaɗan ɗin da ya gangara ƙasa dole a nema masa mafita. Mafitar ita ce wannan tiyo, wanda ke tasowa daga murfin saman inji ya koma hanyar da inji ke shaƙar iska, don a sake ƙona hayaƙin. A yawancin motocin fetur akwai ɗan bawul a bakinsa, ana ce masa PCV, mai daidaita yawan abin da ke wucewa. A taƙaice, hancin inji ke nan, ta nan yake numfashi.

A da can, bututu kawai ake sakowa ƙasan mota, iskar gudu ta riƙa jan hayaƙin waje. In mota tana tsaye ko tana tafiyar hawainiya, bututun ba ya jan komai, ga shi kuma yana gurɓata iska. Shi ya sa aka soma sa wa sababbin motoci wannan bawul a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1961, cikin ƴan shekaru kuma ya game duniya. Ke nan ba ado ba ne, ba kuma ƙarin wahala Turawa suka ɗora mana ba.

To me ke faruwa idan hancin nan ya toshe? Tururi da hayaƙi su rasa hanya, su gauraya da baƙin mai. Zafi ya dafa su yau, ya dafa gobe, har man ya yi kauri ya zama wata baƙar laka mai danƙo kamar kwalta. Lakar nan ta kwanta a saman inji, ta cika ƙananan hanyoyin mai, ta ƙara toshe tiyon da kansa. Iskar da ta taru a ciki kuma sai ta nemi inda ya fi rauni: ta tura mai ta robobin da ke toshe shi a gaba da bayan inji, ta ɗago sandar awon mai, ta watsa mai cikin akwatin matatar iska. Direba ya ga mota tana ɗiga, ya ce ai tsufa ne, ya sayi galan ya ajiye a bayan kujera yana ciko. Ranar da laka ta toshe ragar da famfon mai ke tsotsa ta cikinta a ƙasan inji, mai ya daina hawa, ƙarfe ya ci ƙarfe. Cikin ƴan mintoci an gama.

Idan kuma tiyon fashewa ya yi ko ya cire, wata ɓarnar ce daban. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inji zai riƙa zuƙar iskar da ba ta bi ta matata ba, da ƙurarta da yashinta, ga mu kuwa a ƙasar da hunturu ke tashin ƙura wata da watanni. Yashi a cikin inji sai ya riƙa goge zobba da bangon fistin, hayaƙin da ke sulalewa ƙasa ya ƙaru, laka ta ƙaru. Motar ta fara rawa in tana tsaye, ta ƙara shan fetur.

Kada wani ya ce wannan ciwon tsofaffin motocin talakawa ne kawai. A Amurka, inda hanyoyi ke da kyau kuma mai ba na jabu ba ne, masu motocin Toyota irin su Camry da Sienna da aka ƙera tsakanin 1997 da 2002 sun yi ta kukan laka a injunansu, masu fistin huɗu da masu shida. Kamfanin ya ce rashin juye mai a kan lokaci ne, masu motoci suka ce ba haka ba. A 2002 kamfanin ya amince ya ɗauki nauyin gyara har tsawon shekara 8 daga ranar saye, a 2007 kuma aka sasanta ƙarar da aka kai shi. Volkswagen ma ya yi irin wannan alkawari a 2004 kan Passat mai inji lita 1.8 da tabo. Mun kawo wannan ne saboda ire-iren motocin nan, bayan sun gama yi wa masu su aiki, da yawa jirgin ruwa ya sauke su a Kwatano, suka biyo ta Malanbil da Gaya suka shigo hannunmu. Wa'adin alkawarin ya wuce tuni. Mu da muka saye su hannu na biyu ko na uku, ba mu da wanda za mu kai ƙara. Abin da ya rage mana shi ne kulawa.

Ga shi kuwa aikin da muke ba motocinmu shi ne ainihin wanda ke haifar da laka. Mota ta yi awa biyu a layin duwan inji yana aiki, saboda direba yana tsoron in ya kashe batir ba zai tayar ba. Ta matsa kaɗan, ga shingen jandarma, ga na ƴan sanda, ga na kwastan a tsallake. Agogon kilomita bai motsa ba, amma baƙin mai yana tsufa. Ga lodi fiye da kima, ga zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga hanyoyin yashi na ƙauyuka. Littattafan da masu ƙera motoci ke bayarwa sun ware irin wannan aiki daban, suna kiransa aiki mai tsanani, kuma sukan rage wa'adin juyen mai a cikinsa da kusan rabi. Mu kuwa sai mu ƙara wa'adin, mu ce bari a ci kasuwa biyu tukuna.

Dole kuma mu faɗa wa ƴan'uwanmu makanikai gaskiya, duk da mun san da ƙoƙarinsu motocin nan ke tafiya. Akwai al'adu uku da suka kama gindi a garejojinmu, kuma dukansu cuta ne. Na farko, in tiyo ya fashe ko yana zubo mai, sai a yanke shi a cusa masa noti ko tsohon fulogi, ko kuma a sake shi yana lilo a buɗe. Wannan daidai yake da a toshe wa mai mura hanci don kada majina ta zubo. Na biyu, cire ɗan ƙarfen da ke daidaita zafin ruwan inji, a kuma haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa, wai ƙasarmu da zafi. An ƙera inji ne ya yi aiki a zafin da ya kusan digiri 90. A nan ne ruwan da ya shiga mai yake ƙonewa ya fita ta tiyo. Injin da aka hana shi ɗaukar zafi, musamman da asubar hunturu, yana tara ruwa a mai, ruwa kuwa shi ne uwar laka. Na uku, wanke cikin inji da kananzir ko gazwal yana aiki. A injin da laka ta riga ta yi yawa, wannan yana ɓamɓaro ta guntu-guntu ta je ta toshe ragar famfo, a kashe injin da ake son ceto. In laka ta yi yawa, a kwance kaskon ƙasa da murfin sama a wanke da hannu, sannan a yi juye biyu ko uku kusa da kusa.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce zamani ya yi tsanani. Gaskiya ne. Tun da Nijeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, sannan aka rufe iyaka daga Agustan 2023 har zuwa Maris na 2024, motoci suka yi watanni a ajiye, jari ya karye. Direban da ke kawo balas kullum yana ganin kowace dala da ya kashe a gareji daga bakin iyalinsa ta fito. Amma wannan dalili ne na kulawa, ba na sakaci ba. Kuɗin tiyo da bawul ɗinsa ba su kai ko kusa da na saukar da inji ba, balle sayen wani. Sannan a lissafa da kayan gwari da suka ruɓe a hanya, da kasuwar da ta wuce, da abokin ciniki na Kano ko Katsina da ya gaji da jira ya koma wurin wani. Araha ba ta ado. Haka ma man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba: wani tsohon mai ne da aka tace, wani an gauraya shi. Ribar da aka ci a galan ɗaya, inji ne zai biya ta.

Za a kuma ce ai manyan motocin gazwal na da, bututunsu a buɗe yake yana huci ƙasa, kuma suna aiki. Haka aka ƙera su, ba laifi a bar su yadda suke, muddin bututun bai toshe ba. Maganarmu a kan injin da aka ƙera da tiyo mai komawa ciki ne. A mayar wa kowane inji abinsa yadda ya zo da shi.

Shawararmu ga ƴan kasuwa masu motoci ita ce mu daina barin komai a hannun direba. Ba sai mun zama makanikai ba. Ranar juye, Alhaji ya je da kansa ko ya tura ɗansa. A buɗe marfin da ake zuba mai a leƙa da tocila: in an ga baƙin abu mai kauri manne a ciki, laka ce. In an ga wani abu fari-fari kamar kindirmo a jikin marfin, ruwa ya shiga mai, a bincika ko tururi ne ko kuwa gasket ɗin kan inji ya ƙone. A matsa tiyon da hannu: in ya bushe ya yi tauri, ko ya tsattsage, ko ya yi laushi ya manne, a sauya. A cire bawul ɗin a girgiza. Irin na ƙarfe da aka saba gani, in yana da lafiya za a ji yana ƙara a ciki, in shiru ne ya toshe. A duba akwatin matatar iska, kada a ga mai a ciki. A sauya matatar mai duk lokacin da aka yi juye, a sayi mai a galan mai hatimi daga wurin wanda aka sani. A ajiye ɗan littafi a mota ana rubuta rana da kilomita, kamar yadda muke rubuta bashi. Motar da ke yawan tsayuwa a layi, a riƙa lissafa mata da watanni, ba kilomita kaɗai ba. Wadda ta daɗe a ajiye kuma, a juye mata mai kafin a ɗora mata kaya.

Wanda ba shi da mota, haya yake ɗauka, shi ma maganar ta shafe shi, tunda kayansa ne ke kwana a daji. Kafin a yi lodi, ya dubi ƙasan motar inda ta kwana, ya dubi hayaƙinta in an tayar. Motar da ke ɗigar mai tana fitar da shuɗin hayaƙi, ko an rage maka kuɗi ka yi tunani sau biyu.

Muna kira ga shugabannin tashoshi da ƙungiyoyin direbobi na Maraɗi, Ƙonni, Damagaram da Gaya, da takwarorinsu na tsallaken iyaka, su zauna da shugabannin makanikai a kan wannan batu. Yadda ake duba taya da birki kafin mota ta shiga layi, haka ya kamata a riƙa ɗaga murfin inji. Ogannin gareji kuma su koya wa yaransu amfanin kowane tiyo kafin su ba su wuƙa da filaya, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Mota dukiya ce, kuma amana ce, tunda rayuka da jarin mutane take ɗauka. Ɗan kasuwar da ke kwance bakin buhu ya duba hatsi kafin ya biya, bai kamata ya kasa buɗe marfin mai ya leƙa ba. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa mai albarka, amin.