Basirar Zama da Mutane: Hankali Ce ko Wayo?



Akwai wata kalma da ta kama bakin 'yan boko, musamman a tarurrukan malamai da kwasa-kwasan ma'aikata, watau "soshiyal intelijens". Kowa na furta ta, amma in ka tsare mutum ka ce ya faɗe ta da Hausa sai ya shiga inda-inda. Wani ya ce ladabi, wani ya ce iya magana, wani ya ce wayo. Mu dai a nan za mu kira ta basirar zama da mutane.

Wanda ya fito da ita fili shi ne Edward Thorndike, malami a Kwalejin Horon Malamai ta Jami'ar Kolombiya a Amurka. Duk wanda ya zauna ajin horon malamai ba zai manta da shi ba, ko don kyanwoyin da ya riƙa kullewa cikin akwati yana kallon yadda suke koyon buɗe ƙofa. A 1920 ya rubuta a mujallar Harper's cewa basira iri uku ce. Akwai ta sarrafa kalmomi da lambobi, akwai ta sarrafa kayan aiki irin ta makanike, sa'an nan akwai ta fahimtar mutane da iya tafiyar da su. Shi da kansa ya yarda cewa ta ukun nan wuyar aunawa gare ta, domin a filin wasa da kasuwa da wurin aiki take bayyana, ba a ɗakin jarrabawa ba.

Lalle kuwa haka aka gani. Masana a Jami'ar George Washington sun shirya mata jarrabawa a shekarun 1920, ana tambayar mutum ya tuna fuskoki da sunaye, ko ya zaɓi abin da ya dace a yi cikin wani hali. Da aka duba sakamako, sai aka tarar waɗanda suka iya karatu su ne dai ke cinyewa. Ashe iya karatun aka sake aunawa. Maganar ta yi sanyi, sai daga baya ta farfaɗo: a 1983 Howard Gardner na Jami'ar Harvard ya lissafa basira iri bakwai, ciki har da sanin wasu da sanin kai, a 2006 kuma Daniel Goleman ya yi littafi sukutum a kanta.

To, ga inda gizo ke saƙar. A sake duba bayanin Thorndike: fahimtar mutane da iya tafiyar da su. Tafiyar da su zuwa ina? Dattijon da ke sasanta mata da miji yana karanta fuska, ya san lokacin magana da lokacin yin shiru. Ɗan damfarar da ke tare baƙo a tasha shi ma haka, har watakila ya fi dattijon saurin ganewa. Wasu masana biyu na Jami'ar St Andrews, Richard Byrne da Andrew Whiten, sun ga wani ɗan gwaggon biri a duwatsun Afirka ta Kudu yana jira har wata babba ta gama wahalar tono saiwa, sai ya kwarma ihu kamar an buge shi. Uwarsa ta rugo ta kori babbar, shi kuwa ya zauna ya ci saiwar. Littafin da suka fitar a 1988 sun raɗa wa irin wannan basira sunan Makiyabeli, Ba'italiyen nan da ya koya wa sarakuna dabarun riƙe mulki.

A nan Hausa ta fi Turanci rarrabewa. Muna da hankali, muna da wayo, kuma ba mu taɓa ɗaukarsu abu ɗaya ba. In an ce yaro yana da hankali, uwarsa murna take yi. In an ce wayo gare shi, sai ta ɗan dubi fuskar mai maganar tukuna. Gizo na tatsuniya ya san zuciyar kowa a dawa, amma wa zai ba shi ajiya? Baturen nan Anthony Kirk-Greene, a bincikensa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya lissafa halaye goma, irin su gaskiya da amana da kunya da hankali da hikima. Babu wayo a ciki.

Abin da ya sa muka damu shi ne muna ganin yaran nan biyu a aji kowace shekara. Ɗaya yana can ƙarshen layi a lissafi, amma in faɗa ya kaure a lokacin tara shi ake kira, kuma shi ne ke lura cewa wance ba ta zo da kuɗin abinci ba. Ɗayan ya san ranar da malam ke cikin fushi, ya iya gaisuwa har ƙasa, mun naɗa shi monita, ashe yana karɓar 'yan kwabbai a hannun ƙanana don kada ya rubuta sunansu cikin masu surutu. A ma'aunin Thorndike duka biyun gwanaye ne. A katin sakamako kuwa, inda aka bar mana layi guda don hali, na biyun muke yi wa yabo, domin mu yake karantawa, na farkon kuma 'yan uwansa yake karantawa, ba mu gani. Mu ma mun sha faɗawa wannan rami, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Saboda haka, iyaye, in kun zo karɓar kati ƙarshen zangon nan, bayan kun tambayi na nawa yaro ya zo, ku ƙara mana tambaya ɗaya: su wa ke zuwa wurinsa in sun shiga damuwa, kuma me yake karɓa a hannunsu?