IN MALAMIN ASIBITI YA TAFI BITA, RIBA CE KO HASARA?

A wannan fitowa za mu ajiye zancen taki da iri, mu ɗauki wata magana wadda ta yi ta tasowa a taron ƙungiyoyinmu tun daminar da ta wuce, daga gefen Birnin Kudu har gefen Gwaram. Maganar kuwa ita ce ta ma'aikatan asibiti da yawan tafiyarsu kos, da bita, da taron ƙara wa juna sani.

Ga abin da ya tayar da ita. Cikin watan Satumba wani ɗan'uwanmu ya ɗauko 'yarsa a kan babur, jikinta ya yi zafi rau, har ta soma jijjiga. Ya kai ta ɗakin shan magani mafi kusa da su, ya tarar da ƙofa a garƙame da kwado. Aka ce masa malamin ya tafi bita, sai bayan kwana 3. Dole ya kama wata hanya mai nisa cikin taɓo, da kuɗin mai na aro. Allah ya sa yarinyar ta tashi. Amma da ya zo taro sai ya yi magana da zafin rai, ya ce, "Su suna can otal suna cin shinkafa, ana ba su alawus, mu kuwa 'ya'yanmu suna suma a hannunmu." Mutane da yawa suka ce gaskiyarsa.

Mu ma mun ce yana da gaskiya, amma rabinta ya faɗa. Rufe ɗakin magani a tsakiyar damina laifi ne. Tafiya neman ƙarin sani kuwa ba laifi ba ne. Ra'ayinmu shi ne, ma'aikacin lafiyan da ba ya zuwa bita ya fi wanda yake zuwa hatsari a gare mu. Abin da ya kamata mu nema shi ne a gyara yadda ake yin bitar, ba a daina ta ba.

Mu fara da abin da muka sani

Mu malaman gona mun san wannan a kan aikinmu. Kafin 2016 babu wanda ya san baƙuwar tsutsar nan mai cinye zuciyar masara a ƙasar nan. A shekarar ta bayyana a Nijeriya, kafin a ankara ta game ko'ina. Malamin gonan da ya gama makaranta kafin lokacin bai taɓa jin labarinta a aji ba. In da ya zauna da tsohon littafinsa kaɗai, da me zai gaya muku sa'ad da kuka kawo masa ganyen masara duk huji? Hakanan kuma buhun nan mai ninki uku na ajiyar wake ba tare da magani ba, a wurin bita muka koyo shi, sa'an nan muka kawo muku.

To, in aikin gona yana sakewa haka, ina ga aikin da ya shafi ran mutum?

Maganin jiya ba shi ne na yau ba

Ku tuna da kulorokwin. Iyayenmu sun sha shi shekara da shekaru, yana kuwa aiki. Daga baya ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ta saba da shi, ya daina kashe ta. A 2005 Nijeriya ta sake tsari, ta koma ga magani mai haɗi biyu irin su Coartem. A 2010 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da maganin zazzaɓi sai an ɗiga jini an gwada, gama ba kowane zafin jiki ne na cizon sauro ba.

A wannan shekara ta 2010 aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasashen Afirka 9, har da tamu, a kan yara fiye da 5,000 waɗanda zazzaɓi ya yi wa mugun kamu. Cikin kowane 1,000 da aka yi wa allurar kunin, kamar 109 suka mutu. Cikin kowane 1,000 da aka yi wa sabuwar allurar atesunet, kamar 85 ne suka mutu. Watau yara 24 ke nan suka koma gida wurin iyayensu, waɗanda da an binne su. Tun 2011 atesunet ce ake fara nema. Ma'aikacin da bai ji wannan ba zai ci gaba da abin da ya saba, da zuciya ɗaya, ba da mugunta ba, amma yaro ne zai biya.

Haka yake ga gudawar yara. Kowa ya san ruwan gishiri da sukari. Amma tun 2004 aka ƙara cewa a haɗa da ƙwayar zinki har kwana 10 zuwa 14, domin tana rage tsawon ciwon, tana kuma tsare yaron daga saurin komawa ciki.

Ga matanmu kuwa, ba abin da muke tsoro kamar zubar jini bayan haihuwa. Da can ungozoma da ido take kimanta jinin, ido kuwa yakan ruɗi mutum. A 2023 aka bayyana wani babban gwaji da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano, tana cikin shugabannin aikin. Dabarar ba ta da wuya. Ana shimfiɗa wa mace wata leda mai ma'auni wadda take tara jinin. Da zarar ya kai rabin lita, ba a jira, sai a yi kome gaba ɗaya: a murza mahaifa, a yi allurar da take sa ta tsuke, a yi ta tsayar da jini, a ƙara ruwa, a duba inda jinin yake fitowa. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100. Wannan ilimi a Kano yake, tafiyar sa'o'i kaɗan daga nan. Ta yaya zai iso wurin ungozomar da take karɓar haihuwa a Basirka ko Sundimina, in ba ta wurin bita ba?

Akwai kuma cututtukan da sukan ɓace su komo. Mashaƙo ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, a 2023 ya shigo Jigawa. Matasan ma'aikata da yawa ba su taɓa ganinsa ba sai a littafi. Wanda aka koya wa yadda zai leƙa maƙogwaron yaro ya gane shi, shi ne zai tura shi babban asibiti da sauri, maimakon ya ba shi maganin mura ya sallame shi.

Wani zai ce, ai da tsohuwar zuma ake magani, malaminmu ya yi shekara 20 yana aiki, wa zai koya masa? Muna girmama daɗewa a aiki. Tsohon ma'aikaci ya san mutane, ya san hanya, ya san wanda zai ɓoye ciwonsa don kunya. Amma daɗewa ba ta gaya wa mutum cewa maganin da ya saba da shi ya daina aiki. Sai an faɗa masa.

Doka ma ta ce haka

Ba son yawo ne kaɗai yake kai su ba. Hukumar da take ba likitoci lasin a Nijeriya ba ta sabunta wa likita lasinsa na shekara sai ya nuna ya sami maki 20 na ƙarin ilimi. Nas da ungozoma kuma in za su sabunta nasu, su ma sai sun halarci bitar da hukumarsu ta wajabta. A 2014 Gwamnatin Tarayya ta fito da tsarin da ya yarda wa ma'aikatan lafiya na karkara su yi waɗansu ayyukan da a dā likita ko ungozoma kaɗai ke yi, amma da sharaɗin a horar da su tukuna. A 2024 kuma ta soma shirin sake horar da ma'aikatan lafiya 120,000 a dukan ƙasa.

Inda gizo yake saƙa

Duk da haka, kukan ɗan'uwanmu yana nan, ba mu share shi ba. Mun ga aibu guda uku a yadda ake tafiyar da wannan abu.

Na fari, ilimin yakan tsaya a sama. Manyan tarurrukan likitoci a Abuja da Legas da Kano ake yinsu, wani lokaci ma a ƙasashen waje. Suna da amfani, gama a can ake fara jin sabon abu. Amma manomin Kila ko Kantoga ba babban likita yake fara gani ba. Malamin ɗakin shan magani yake gani, ko ungozoma, ko mai kemis na bakin kasuwa. Su ne kuwa bita ba ta cika isa wurinsu ba. Ruwa ne ya cika a madatsa, ba a haƙa masa hanya zuwa fadama ba.

Na biyu, sau da yawa mutum ɗaya ne yake zuwa kowace bita, domin sunansa ne aka sani a ofis, ko domin alawus. Ya dawo da takardar shaida ya rataye a bango, abokan aikinsa ba su ji kome ba. Wannan daidai yake da manomin da ya karɓo sabon iri a madadin ƙungiya ya kulle a ɗakinsa.

Na uku, ba a duban lokaci. Wane malamin gona ne zai kira ku taro ranar da aka yi ruwan shuka? Daga Agusta zuwa Oktoba ne zazzaɓi yake kwantar da yaranmu, hanyoyi kuma sun lalace. Ba lokacin janye ma'aikaci ɗaya tilo daga ƙauye ba ne.

Abin da muke roƙo, da abin da za mu yi

Allah ya yi mana arziki a wannan yanki. A Birnin Kudu akwai babban asibitin Gwamnatin Tarayya, akwai kuma makarantar koyon aikin jinya. A Jahun akwai makarantar horar da ma'aikatan lafiya na karkara. Masu koyarwa suna kusa. Saboda haka muna roƙon hukumomin lafiya na jiha da na ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram:

1. A kawo bita kusa. Wadda za a iya yi a Birnin Kudu ko Gwaram kada a kai ta Dutse ko Kano. Ma'aikaci ya zo da safe ya koma da yamma.
2. A yi kowace bita kafin lokacin ciwonta: ta zazzaɓi da gudawa a Mayu ko Yuni, ta sanƙarau kafin zafin bazara.
3. Kada a rufe ɗakin magani. In mutum ɗaya ne a wurin, a aiko da mai riƙe masa, a kuma sanar da mai unguwa tun da wuri.
4. A yi ta bi da bi, har ƙaramin ma'aikaci da ungozomar gargajiya su sami rabonsu. Likitan da ya dawo daga babban taro kuma ya tara na ƙasa da shi ya koya musu.

Mu kanmu fa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace mazaɓa tana da kwamitin da yake lura da ɗakin shan maganinta. Yawancinmu ba mu taɓa zuwa zamansa ba. Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su riƙa halarta, su tambaya cikin ladabi: yaushe malaminmu ya je bita ta ƙarshe? Wa zai riƙe masa in ya tafi?

In ya dawo, mu gayyace shi taron ƙungiya ko na zumuntar mata, mu ba shi rabin sa'a ya gaya mana abin da ya koyo. Wanda ya san za a tambaye shi ba zai yi barci a wurin bita ba. Mu gayyaci maƙwabtanmu Musulmi su zo su ji, gama ɗaki ɗaya muke kai 'ya'yanmu, zazzaɓi kuma ba ya tambayar addinin yaro.

In kuɗin mota ne ya hana ungozomarmu zuwa, mudu ɗaya na riɗi ko gero daga kowane ɗan ƙungiya lokacin kaka ya isa ya kai ta ya komo da ita. Muna tara fiye da haka don sayen taki. Ungozomar nan kuwa ita za ta tsaya a kan matanmu da tsakar dare.

Abu na ƙarshe, mu yarda da sabon abin da suka koyo. Sau nawa malami ya ce sai ya gwada jini, mu kuwa muka ce mu dai allura muke so, muka fita muka tafi kemis? In mun matsa masa ya yi mana irin na dā, mun zubar da bitar da hannunmu.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a taronsu na wata mai zuwa, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ji. Ku tattauna, ku zaɓi wakilanku biyu, ku aiko mana da abin da kuka shirya. Ɗan'uwanmu mai babur ya riga ya ce a sa sunansa a kwamitin mazaɓarsu.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.