Sabunta manhajar waya: tangarɗa na tsallake iyaka, diyya na tsayawa a Turai

A farkon watan Oktoba na 2024, mutane masu yawa da ke riƙe da wayar Samsung Galaxy S10 da Note 10 a ƙasashe daban-daban sun wayi gari wayoyinsu sun ƙi buɗewa. Wayar za ta kunnu, ta nuna sunan kamfani, ta mutu, ta sake kunnuwa, haka ba iyaka. Ba faɗuwa ta yi ba, ba ta kuma shiga ruwa ba. Wata ƙaramar manhaja ce mai suna SmartThings Framework ta sabunta kanta ba da sanin masu wayoyin ba, ta shigo da kuskure. Samsung ya amsa cewa daga wajensa matsalar take, ya dakatar da sabuntawar, ya ce waɗanda abin ya shafa su tuntuɓi cibiyoyinsa na gyara.

Wannan amsar ta yi wa mazaunin birnin Seoul ko Paris daidai. Amma S10 waya ce ta 2019, kuma irinta ne ake tarar wa jibge a teburan masu sayar da wayoyin hannu na biyu a Avenue Kennedy ta Yawunde, ko Tip Toe Lane ta Accra, ko Farm Centre ta Kano. Wanda ya saye ta a can ba shi da takardar garanti, sau da yawa ko rasidi babu. Abin da ya rage masa shi ne mai gyara na bakin titi, wanda maganinsa guda ne: a yi wa wayar filashin, a goge komai. Hotuna, lambobin mutane, saƙonnin murya na abokan ciniki, lissafin bashi, duk su tafi. Wani abin takaici kuma, tun 2023 kamfanin ya daina aiko wa S10 gyaran tsaro. An daina kula da lafiyarta ke nan, amma ƙofar da cuta za ta shigo mata tana nan a buɗe.

Ba Samsung kaɗai ba ne. A watan Satumba na 2014 Apple ya saki iOS 8.0.1, ya janye ta cikin kamar awa ɗaya, domin ta hana sababbin iPhone 6 kama rezo, wato sabis, ta kuma kashe na'urar karanta zanen yatsa. A watan Mayu na 2024 iOS 17.5 ta dawo wa wasu mutane da hotunan da suka goge da daɗewa, abin da ba kowa zai so ya gani ba. A Afrilu na 2025 Samsung ya fara rabon One UI 7, ya tsaya bayan kamar mako guda, bayan rahotanni daga Koriya ta Kudu cewa wasu sun kasa buɗe wayoyinsu. Waɗannan su ne kamfanonin da suka fi kowa kuɗi da injiniyoyi.

Wadda ta fi taɓa mutanenmu kai tsaye ita ce ta 22 ga Maris na 2021. Akwai wani sashe na Android da ake kira WebView, wanda manhajoji da dama ke aronsa don nuna shafin intanet a cikinsu. Google ya taɓa wani abu a cikinsa, sai ga Gmail da manhajojin bankuna da wasu da yawa suna rufe kansu da zarar an buɗe su, a duniya baki ɗaya. Cikin sa'o'i aka fitar da gyara, amma sai mutum ya shiga Play Store ya sabunta WebView da Chrome kafin ya samu sauƙi. Wa ya gaya wa mai shago a Garwa ko mai sayar da fata a Abeche haka? Mafi yawan mutane ba su taɓa jin sunan WebView ba, kuma babu dalilin da zai sa su ji. Mai irin wannan waya zai ɗauka tasa ce ta lalace, ya biya kuɗin gyaran abin da ba shi ya ɓata ba.

Me ya sa ake ta maimaita wannan? Dalili na farko kalanda ce. Apple na nuna sabuwar iOS a watan Yuni, ya sake ta a Satumba tare da sababbin wayoyi, ko ta nuna ko ba ta nuna ba. Ranar kasuwa ba ta jiran injiniya. A 2019 an saki iOS 13 ranar 19 ga Satumba, kwana biyar kacal aka biyo ta da 13.1, sannan gyare-gyare suka yi ta zuwa bi da bi, har kafar Bloomberg ta ruwaito cewa kamfanin ya sake tsarin gwajinsa na cikin gida saboda abin da ya faru.

A ɓangaren Android kuwa matsalar yawan hannuwa ce. Google ne ke rubuta tushen. Daga nan masu ƙera ƙwaƙwalwar waya, irin su Qualcomm da MediaTek da Unisoc, su daidaita shi da kayansu. Sai kamfanin wayar ya ɗora tasa rigar a sama: One UI a Samsung, HiOS a Tecno, XOS a Infinix. A wasu ƙasashe kamfanonin sadarwa ma sai sun sa hannu. Kowane mataki wuri ne da kuskure zai iya shiga, kuma babu ɗakin gwajin da zai iya tara dubban nau'o'in wayoyin Android da ke hannun jama'a. Saboda haka kamfanoni ke rabon sabuntawa kashi-kashi: a ba mutane kaɗan, a saurari koke, sannan a faɗaɗa. Dabara ce mai kyau, sai dai ma'anarta ita ce waɗanda suka fara karɓa su ne ƴan gwaji, ko sun yarda ko ba su yarda ba.

Sai kuma batun wanda ake tunawa da shi lokacin gwajin. Injiniyan da ke zaune a Cupertino ko Suwon yana da intanet mai sauri marar yankewa, wutar lantarki tsayayya, da waya sabuwa mai fili. Mai karatunmu a Zinder ko Marwa yana da wayar da ta cika maƙil da bidiyon WhatsApp, batir ɗin da ya sha zafin watan Afrilu shekara huɗu, layuka biyu na ƙasashe biyu saboda zirga-zirgar kan iyaka, da data da yake saye kaɗan-kaɗan. Babbar sabuntawa kan kai giga biyu zuwa biyar ko fiye. Idan rezo ya yanke a tsakiya, a wasu wayoyin sai a koma farko, kuɗin da aka kashe ya bi ruwa.

Harshe ma ya sha nuna inda gwajin ya gaza. A watan Mayu na 2015 an gano wani gajeren saƙo mai ɗauke da haruffan Larabci wanda ke kashe iPhone nan take idan ya shigo. A Fabrairu na 2018 harafi guda na Telugu, harshen da mutane sama da miliyan 80 ke magana da shi a Indiya, ya yi irin wannan ɓarna har sai da aka fitar da iOS 11.2.6. Duka biyun sun fito ne daga yadda manhajar ke sarrafa rubutun da ba na boko ba. Bahaushen Sudan ko na Chadi da ke rubuta saƙonninsa da Larabci ko ajami ya san a wane layi yake tsaye idan ana rabon kulawa.

To idan ɓarna ta auku, wa ke biya? A nan ne bambancin ya fi fitowa. A Disamba na 2017 Apple ya amsa cewa wata sabuntawa da ya fitar a farkon shekarar tana rage gudun tsofaffin iPhone masu raunin batir, ya ce ya yi haka ne don kada su riƙa mutuwa ba zato. Matsalar ita ce bai sanar da kowa ba, kuma wanda ya ga wayarsa ta yi nauyi abin da zai fara zuwa masa shi ne sayen sabuwa, alhali canjin batir ya isa. A Faransa, inda doka ta haramta tsufar da kaya da gangan tun 2015, wata ƙungiya mai suna HOP ta kai ƙara, kuma a Fabrairu na 2020 hukumar DGCCRF ta sanar da tarar Yuro miliyan 25 saboda rashin sanar da masu saye, wato sama da miliyar 16 na sefa. Italiya ta riga ta ci Apple tarar Yuro miliyan 10 da Samsung miliyan 5 a Oktoba na 2018. A Amurka kamfanin ya yarda ya biya har Dala miliyan 500 don a kashe shari'a. Irin waɗannan wayoyi, iPhone 6 da 7, daga baya sun kwararo kasuwanninmu a matsayin na hannu, amma kuɗin diyyar na Amurkawa ne, tarar kuma ta shiga baitulmalin Faransa da Italiya.

Ganin haka ne ya sa masu gyara da yawa ke ba da shawara guda: kada ka taɓa sabunta wayarka. Ana iya fahimtar dalilinsu, tunda wanda ya hau sabuwar manhaja da wuya ya iya saukowa. Apple na rufe hanyar komawa tsohuwa bayan ɗan lokaci. Amma a ganina wannan shawara gudun gara ne a faɗa gidan zago. A Agusta na 2020 kamfanin tsaro na Upstream ya ba da rahoton cewa wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 sun fito daga masana'anta da muguwar manhajar Triada a cikinsu, wadda ke yi wa mutum rajistar biyan kuɗi a ɓoye tana cinye masa data da kuɗin kira. Ghana da Kamaru na cikin ƙasashen da aka ambata. Transsion, uwar kamfanin Tecno da Infinix da itel, ya ce tun 2018 ya fitar da gyara. Ta ina gyaran zai iso? Ta hanyar sabuntawar da aka ce wa mutane su guje mata.

Kuma ko mutum ya ƙi, manhajojin da yake rayuwa da su za su tilasta masa. WhatsApp ya daina aiki a Android da ke ƙasa da 5.0 a Oktoba na 2023, ya kuma bar iPhone 5s da 6 a tsakiyar 2025. Manhajojin bankuna su ma haka suke yi. Mai amfani da Orange Money ko MoMo ko Airtel Money yana da mafita, domin lambobin da ake dannawa suna aiki ko a ƙaramar waya mai maɓallai. A Sudan kuwa, inda tun ɓarkewar yaƙi a Afrilu na 2023 takardar kuɗi ta yi wuya, manhajar Bankak ta zama hanyar da iyalai da dama ke karɓar taimakon ƴan'uwa su sayi abinci. Wayar da ta ƙi buɗewa a can tana iya nufin kwana da yunwa.

Abin da ya fi dacewa, kafin hukumomi su motsa, shi ne a raba sabuntawa gida biyu. Ƙananan gyaran tsaro, waɗanda ba su da nauyi, a karɓe su da wuri. Babbar sauyi ta shekara-shekara kuwa, wadda ke canja lambar Android ko iOS, babu asara idan aka bar ta ta yi mako biyu ko uku, waɗansu su fara ɗanɗanawa. Kada a fara sai da caji isasshe da fili a wayar. Akwai kuma wani tarko da ba a cika magana a kansa ba: mutane da yawa a wurin sayen waya aka buɗe masu asusun Google, ba su san adireshin ba balle kalmar sirri. Ranar da aka goge wayar, za ta nemi wannan asusun kafin ta buɗe, kuma ajiyar WhatsApp ma a can take. Rubuta su a takarda a ajiye a gida ya fi duk wata dabarar mai gyara amfani.

Sauran aikin na gwamnatoci ne, kuma ba ya buƙatar sabuwar hukuma. ARCEP a Nijar da Chadi, ART a Kamaru, NCA a Ghana, NCC a Najeriya, kowacce na da ikon tantance na'urorin sadarwa kafin a shigo da su kasuwa. Tantancewar ta fi karkata ga ko wayar ta dace da zangon rezon ƙasar. Babu abin da zai hana a ƙara sharaɗi ɗaya: kamfani ya rubuta a jikin kwali shekara nawa zai yi yana aiko da gyaran tsaro, ya kuma ɗauki nauyin gyara kyauta idan sabuntawarsa ce ta kashe wayar, da garanti ko babu. Kamaru na da dokar kare masu saye tun 2011. Najeriya kuma ta nuna cewa ana iya tunkarar manyan kamfanoni, lokacin da hukumar FCCPC ta ci Meta tarar Dala miliyan 220 a Yuli na 2024 kan yadda yake sarrafa bayanan jama'a. Ƙasa ɗaya mai ƙaramar kasuwa kamfani zai iya yi mata kunnen uwar shegu, amma sharaɗin da ƙasashen UEMOA ko CEMAC suka sa tare ba zai tsallaku da sauƙi ba.

Tarayyar Turai ta riga ta yi nata. Daga 20 ga Yuni na 2025, wayar da aka fara sayarwa a can dole ta ci gaba da samun sabuntawa na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurinta, kayan gyaranta kuma su samu har shekara bakwai. Google da Samsung ma sun yi alkawarin shekara bakwai ga manyan wayoyinsu, daga Pixel 8 da Galaxy S24. Wani ɓangare na amfanin zai iso mana a fakaice, domin wayar da ta baro Marseille ko Hamburg a matsayin ta hannu za ta zo da sauran shekarunta. Wayoyi masu araha da ake ƙerawa musamman don kasuwar Afirka, waɗanda su ne a aljihun mafi yawan masu karanta wannan shafi, ba a sayar da yawancinsu a Turai, don haka dokar ba ta hau kansu ba.